Ɗana ya ce boko ɓata lokaci ne, in kai shi gidan mari?

Tambaya: Ɗana mai shekara 14 yana aji biyu a ƙaramar sakandare. Kullum sai an kawo ƙararsa: faɗa, tsallake katanga, yi wa malamai rashin kunya. Ya ce masu digiri ma suna zaune, shi Adaidaita Sahu zai ja. Baffansa ya ce a kai shi gidan mari. Hankalina ya tashi.

Amsa: Hajiya, ɗanki yana da buri, kin ma ji shi: kuɗin kansa yake so, da wuri. Makaranta kuwa a idonsa wuri ce da ake tsayar da shi gaban aji a yi masa dariya. Da yawa irinsa sun shigo sakandare ba su iya karatu ba, an yi ta tura su aji-aji. Yaro ya gwammace a kira shi tantiri da a kira shi daƙiƙi.

Ki zaunar da shi ku biyu, ba gaban ƙannensa ba, ki ba shi littafin aji uku na firamare ya karanta sakin layi ɗaya. In ya yi ta tuntuɓe, kin gano bakin zaren. A duba idonsa da kunnensa. Ki tambayi malamin ajinsu a wane darasi yake guduwa. In tun yana ƙarami ba ya iya zama wuri ɗaya, gida da makaranta, likitan ƙwaƙwalwa ya gan shi.

Maganar gidan mari kuwa, don Allah a bar ta. Har yaushe za mu riƙa ɗaukar sasari a matsayin tarbiyya? A Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga irin wannan gida a Rigasa, Kaduna, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Iyaye ne suka kai da yawansu, suna biyan kuɗi. Yaron da ya dawo shiru sai a ce ya shiryu, alhali tsoro ne ya rufe masa baki. Karatun da bai iya ba yana nan, ga ƙullin iyaye a zuci, ga zama da manyan 'yan ƙwaya da za su koya masa sholisho da tiramol. Ko shaye-shayen ne ma, aikin asibiti ne. Ki gaya wa baffan haka cikin ladabi, amma kar ki sassauta.

Ku yi yarjejeniya: safe makaranta, yamma garejin gyaran Adaidaita wajen ogan da kika yarda da shi, da malamin karatu na rabin awa kullum. In ya ci jarrabawar aji uku, a nema masa kwalejin fasaha, inda zai fito da shaidar NABTEB, wato hukumar shirya jarrabawar sana'o'i da fasaha ta ƙasa.