Ɗana Yana Barci a Aji

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. Ɗana mai shekara 9 yana aji uku a wata firamaren gwamnati a Agege da ke Legas, kuma malamarsa ta aiko mini cewa barci yake yi a aji, sakamakonsa ma ya ja baya. Da safe boko yake zuwa, da la'asar Islamiyya, bayan magariba kuma makarantar allo. Mahaifinsa yana kasuwar Mile 12, sai dare yake dawowa, ni kuwa Turanci da Yarabanci ba su zauna a bakina ba, shi ya sa ban taɓa halartar taron iyaye ba. Ina mafita? Daga wata uwa a Agege.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kafin a kira yaron nan malalaci, a fara kai shi cibiyar lafiya ta matakin farko da ke kusa da ku, domin zazzaɓin cizon sauro da ke yawan dawowa, da tsutsar ciki, da ƙarancin jinin da sukan haddasa, duk suna sa yaro kasala da gyangyaɗi ko da yana yawo da ƙafarsa. Ki roƙi a auna jininsa, a duba ko yana da sikila idan ba a taɓa dubawa ba, a kuma gwada idonsa, don yaron da ba ya hango allo sosai yakan gaji da ƙoƙari ya kifa kai a tebur. Kada ki tsaya ga maganin kemis kafin gwaji.

Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne jadawalin da kika zayyana. Likitoci sun ce yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12 a kowace rana, to wanda ya tashi daga allo ƙarfe goma na dare, aka kuma tashe shi da asuba, bai samu ba. Malamai uku ne ke riƙe da ɗanki, kowannensu na ganin lokacinsa ne mafi muhimmanci, kuma na tabbata babu wanda ya san nauyin da sauran biyun suka ɗora masa. Ke da mahaifinsa ne kaɗai kuka san duka ukun. Ku je wajen malamin allo cikin girmamawa, ku nemi a riƙa sallamar yaron da an yi sallar isha'i, ko a mayar da karatunsa Asabar da Lahadi. Ilimin addini ba abin yarwa ba ne, sai dai hadda ma ba ta zama a kan da bai huta ba. A kuma tabbatar ya karya kumallo kafin ya fita, ko da koko da ƙosai ne.

Game da harshe kuwa, ki nemi maƙwabciya mai jin Yarabanci ko Turanci ta raka ki wajen malamar. Tun 2018 dokar Jihar Legas ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantu, don haka wataƙila yaron yana ji, amma kada ki sa shi tafinta a zancen da ya shafi laifinsa.

Makarantun gwamnati suna da kwamitin da ake kira SBMC, wanda ke haɗa shugaban makaranta da iyaye da wakilan mata da na addini da na masarauta. Abin takaici ne a unguwa kamar Agege, inda Hausawa suka daɗe har suna da sarkinsu, a ce uwa ta rasa mai magana da yawunta a makarantar ɗanta. Mahaifin yaron ya kai batun ga kwamitin masallacinku, a zaɓi mutum ɗaya ko biyu masu jin harsunan nan su riƙa halartar kowane zama, su dawo su yi wa iyaye bayani da Hausa. Idan sakamakon gwajin ya fito, ki kai wa malamar ta gani, ki kuma roƙe ta ta dawo da shi layin gaba har ƙarshen wannan zangon karatu.