Amsa ga mai neman mariƙin gorar bayan sirdi wanda ba ya cillar da gora

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ga tambayarka. Ka ce kana shirin shiga rabin Ironman, wato gasar da ta haɗa iyo da tuƙa keke da gudu, gorar ruwanka biyu sun faɗo daga bayan sirdin keke a atisaye, kana neman mariƙin da zai riƙe gora gam. Na sha wannan wahalar kafin na gane bakin zaren, don haka bari in ba ka labari yadda yake.

Nawa darasin na koye shi ne wata Asabar da safe a wajen Abuja. Mu huɗu muna jere a kan kekunanmu, ina gaba, muka gangaro da gudu muka hau wani ɗan tudun rage gudu da ban lura da shi ba. Ban ji komai ba sai ihu a bayana. Gorata mai mililita 750, cike taf, ta yi sama ta dira gaban tayar abokina. Ya kauce ya faɗi, gwiwarsa da gefen tafin hannunsa suka saɓule, muka tsaya bakin kwalta muna wanke masa ciwo da ruwan ɗayar gorar. Allah ya tsare bai karye ba. Mariƙin da ya yi mini wannan aiki na kabon ne (carbon fibre), mara nauyi, mai kyan gani, kuma shekara guda ya yi a jikin firam, wato gangar jikin keken, bai taɓa sakin gora ba. Mayar da shi bayan sirdi da na yi shi ne kuskuren.

Ga dalili. A jikin firam gora tana ƙasa, tsakanin tayoyi biyu, a kishingiɗe, girgiza tana danna ta ne a kan mariƙin. A bayan sirdi kuwa tana saman tayar baya, a ƙarshen wani ɗan hannu da ya miƙe ba abin da ya tokare shi. Duk ramin da taya ta faɗa, hannun nan sai ya yi tsalle kamar reshe. In gorar a tsaye take, bugun yana bin tsawonta, wato daidai hanyar da take fita. Gram 750 na ruwa ba wasa ba ne idan aka wurga shi sama.

Shi ya sa mariƙin da ke buɗewa ta gefe, wanda ake yi don ƙananan firam, kada ma ka kai shi baya. Nemi mai dogayen hannuwa da suke rungumar gora har sama, da ɗan haƙori a baki wanda ke shiga cikin kwarmin wuyan gora. Wannan haƙorin shi ne rabin aikin. Wanda nake amfani da shi yanzu XLAB Gorilla XT ne, don bayan sirdi aka ƙera shi, kuma tun da na ɗaura shi gora ba ta sake guduwa ba. Sai dai riƙonsa da ƙarfi, ranar farko sai da na murɗa gorar kafin ta fito. Na ga abokai suna jin daɗin Arundel Mandible, wasu kuma na Profile Design. In kuɗi ya yi ƙaranci, mariƙin ƙarfe yana da wata fa'ida da kabon ba shi da ita: kana iya matse shi da hannu ya ƙara tsukewa. Na roba kuwa zafin ranarmu yana sa shi ya saki a hankali.

Amma kada ka ɗora wa mariƙi laifin duka, duba gorar ma. Faɗin gorar keke wajen milimita 73 zuwa 74 ne, amma wurin da kwarmin wuya yake ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. In kwarmin bai zo daidai haƙori ba, ko mafi tsadar mariƙi ba zai yi komai ba. Tsohuwar gora da ta yi laushi ita ma tana lotsewa ta sulluɓe. Sai kuma wani abu da mu mutanen ƙasar zafi muke yi, wato saka gora a firiza ta daskare. Tana fara narkewa sai jikinta ya yi gumi ya yi santsi, ƙanƙarar ciki kuma ta koma dunƙule tana bugun murfi a kowace gargada. Ni yanzu ruwan sanyi kawai nake zubawa a ta baya, mai ƙanƙara ta zauna a gaba.

Gwajin da nake yi kafin in yarda da kowane mariƙi mai sauƙi ne. Na cika gora, na jiƙa jikinta da ruwa, na saka ta, na kifa mariƙin baki ƙasa na girgiza shi da ƙarfi kamar mai kakkaɓe tabarma. In ta motsa ko da faɗin yatsa, bai ci jarrabawa ba. Bayan an ɗaura sai in nemi hanyar da ta fi muni a unguwa in bi ta sau uku, ba kowa a bayana.

Wajen ɗaurawa, kishingiɗa gorar baya kaɗan, kusan rabin tsaye rabin kwance, kuma ka matso da ita jikin sirdi iya yadda za ta yiwu. Hakan yana rage tsallen, yana kuma taimaka maka lokacin hawa da sauka, don doguwar gora a tsaye tana kama ƙafa idan ka zo ɗaga ta, musamman bayan kilomita 90 na tuƙin keke a gasar, lokacin da ƙafa ta gaji. Leƙa ƙarƙashin sirdinka kafin ka sayi abin ɗaurawar. Sandunan da ke ƙarƙashin sirdi, in na ƙarfe ne, yawanci zagayayyu ne masu kaurin milimita 7, na kabon kuma ba zagayayyu ba ne, sukan zo milimita 7 da 9, ba kowane maƙali ke kama su ba. Sukurorin mariƙin masu girman M5 ne, ɗiga musu shuɗin Loctite, wato gam mai hana sukuru kwancewa, ka riƙa taɓa su da makulli duk mako, domin sukuru ɗaya da ya kwance ya isa ya sa komai rawa. Ina kuma yanka siririyar roba daga tsohon tiyub in ɗaura a mariƙin, in rataya ta a bakin gorar da ba zan taɓa ba sai can gaba.

Ranar gasa akwai abu biyu. Na farko, gorar da za a miƙo maka a wurin ba da ruwa ba lallai ta zama irin taka ba, wani lokaci siririyar roba ce ta shago. Kada ka cusa ta baya ka dogara da ita, juye ruwan a gorar gaba ka jefar da robar a wurin da aka ware, don zubar da shara a wajen wurin yana jawo hukunci. Na biyu, tun 2025 Ironman ta taƙaita gorar bayan sirdi zuwa biyu, kowace kada ta wuce lita 1. Ni a rabin Ironman ɗaya nake ɗaurawa a tsakiya, in sha daga ta gaba, ta bayan ta zama ajiya. Miƙa hannu baya kana gudu sai an koya, don haka ka yi ta maimaitawa a fili har hannu ya san hanya ba tare da ka waiga ba.

Ɗauko hoton ƙarƙashin sirdinka da gorar da kake amfani da ita ka turo, in duba ko haƙorin Gorilla zai zauna a wuyanta kafin ka kashe kuɗinka.