Idan Babu Sabis, Wayar Wa Za Ka Ba Amanar Saƙonka?

Saƙonni uku na ɗauko wannan makon, domin duk sun taru a wuri guda: wayoyin da ke magana da junansu kai tsaye ba tare da sun bi ta turken kamfanin sadarwa ba. Masu tambaya kan wayar da ke zafi lokacin caji, ku yi mini uzuri sai mako mai zuwa.

Tambaya daga wani mai karatu a Gusau: Assalamu alaikum Malam. Lokacin da aka katse sabis a Zamfara cikin Satumba 2021 mun ji jiki, sai mutum ya yi tafiya zuwa wata jiha kafin ya buga waya. Kwanan nan ƙanena ya nuna mini wata manhaja da ke aika saƙo ba sabis ba data, ya ce ta wayoyin mutane saƙon ke bi. Da gaske ne? In haka ne, me zai hana wanda saƙon ya bi ta wayarsa ya karanta, ko ya riƙe shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙanen naka bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa maka labarin ba.

Yadda muka saba, ko wanda kuke zaune a benci ɗaya ka kira, sai muryarka ta je turken sabis, ta ratsa na'urorin kamfani, sannan ta dawo wayarsa. Irin manhajar da aka nuna maka tana cire kamfanin daga tsakani. Wayarka za ta miƙa saƙon ta Bluetooth ko Wi-Fi ga wayar da ke kusa, ita ma ta miƙa wa ta gaba, har ya isa hannun mai shi. Kowace waya ta zama ɗan aike ke nan. Masana na kiran wannan tsari MANET, wato sadarwar na'urori masu yawo da ke haɗa kansu a duk inda suka tsinci juna. Tun shekarun 1970 ma'aikatar tsaron Amurka ke bincike a kansa, amma jama'a sun fi saninsa da manhajar FireChat lokacin zanga-zangar Hong Kong ta 2014, sai Bridgefy a birnin dai a 2019 da kuma Myanmar bayan juyin mulkin Fabrairu 2021. A Yuli 2025 Jack Dorsey, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Twitter, ya fito da tasa mai suna bitchat.

Ka lura, inda abin ya yi tashe duk wuraren cunkoson jama'a ne. Bluetooth ba ya cin dogon zango. Mita 100 a fili ake yawan faɗa, in kuwa katanga ta gitta, abin ya ragu sosai. Na taɓa gwada wata irin wannan manhaja da wayoyi uku: ɗaya a zaurena, ɗaya a hannun yarona a ƙofar masallacin unguwa, ta uku wajen mai shayin kwanar layinmu. Muddin yaron na tsaye a tsakiya, saƙo na zuwa daga zaure har teburin mai shayi. Da mahaifiyarsa ta ƙwala masa kira ya shige gida, zance ya yanke nan take. Don haka daga Gusau zuwa Kano kada ma ka sa rai.

Tambayarka kuwa biyu ce a cikin ɗaya. Wanda ya kai saƙo tasha ya ba direba, tsoronsa biyu ne: kada a buɗe, kada kuma a ƙi kaiwa. Maganin na farko shi ne a kulle saƙon da lissafi, ta yadda wayar mai karɓa ce kaɗai ke da mabuɗinsa. Amma kwado suna ya tara. A 2020 masu bincike a kwalejin Royal Holloway ta Jami'ar Landan sun nuna cewa a Bridgefy ta lokacin ana iya karanta saƙon mutane, a yi sojan gona da sunan wani, a gano wa ke magana da wa, har ma a durƙusar da sadarwar gaba ɗaya da saƙo guda da aka ƙera don ɓarna. Kamfanin ya koma amfani da tsarin kulle na manhajar aika saƙo ta Signal, amma wani binciken da aka gabatar a 2022 ya sake gano ɓaraka. Saboda haka maganar da za ta jefa ka cikin matsala idan ta fita, ka riƙe ta a bakinka.

Na biyun ya fi wuya, domin kwado ba ya sa direba ya kai kaya. Abin da ke sa shi ya kai shi ne gobe zai dawo tashar, 'yan kamasho sun san shi, in ya ci amana sunansa ya ɓaci. Yawancin manhajojin da ke wayoyinmu ba sa lissafin halin kowace waya haka. Watsa saƙon kawai suke yi ta duk hanyar da suka samu, da fatan ko ɗaya ta kai. Yadda za a koya wa na'ura ta gane ɗan aiken kirki kuwa, ga tambayar wata ɗaliba a kai.

Tambaya daga wata ɗaliba a Zariya: Malam barka da aiki. Ina shekarar ƙarshe a sashen kimiyyar kwamfuta, an ba ni aikin kammala karatu kan amana da suna a MANET. Na yi karatu har kaina ya ɗau zafi. Me ya raba su biyun? Kuma me ya sa ba za a ce duk na'urar da ta ga wata ta yi laifi ta sanar da kowa a kore ta ba, a huta?

Amsa: Barka kadai, 'yar'uwa. Tambayarki ta biyu ita ce masana suka shafe shekaru suna jayayya a kai, bari in fara daga can.

Na'urori masu laifin iri-iri ne. Akwai mai son kai, wadda take so a kai mata saƙonta amma ba ta son ƙona batirinta a kan na wani; wanzami ba ya son jarfa. Akwai muguwa, wadda idan aka yi cigiyar hanya, kamar yadda ake yi a AODV, wani tsari da na'urori ke neman hanyar da saƙo zai bi, sai ta yi wuf ta ce ita ke da hanya mafi kyau, saƙonni su kwararo wajenta ta haɗiye. Ita ake wa laƙabi da baƙin rami. Akwai kuma mai wayo, ta wuce da wasu ta zubar da wasu, don kada a gane ta.

A 2000 Sergio Marti da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford suka kawo dabarar da suka kira Watchdog, wato karen gadi. Sun yi amfani da wata ɗabi'a ta rediyo: idan na'ura ta yi magana, duk na kusa da ita na ji. Don haka idan A ta ba B saƙo ta kai wa C, sai A ta ajiye kwafi ta kasa kunne. In ta ji B ta tura, shi ke nan. In lokaci ya wuce shiru, ta rubuta mata laifi ɗaya. Laifi ya taru, a daina bi ta kanta. A gwajinsu na kwamfuta, inda kashi 40 cikin 100 na na'urorin ba sa kai saƙo, dabarar ta ƙara yawan abin da ke isa da kashi 17, ya kai kashi 27 idan na'urorin na yawo sosai.

To amma ki duba abin dariya: mai laifin hutu aka ba ta. An daina ɗora mata kayan kowa, nata kuwa ana ci gaba da kai mata. Tamkar wanda ba ya fita aikin gayya, amma ranar gonarsa duk gari ya fito da fartanya. Ga shi kuma karen gadin kansa yana kuskure. Wata na'urar na iya magana a daidai lokacin, muryoyi su cakuɗe, A ta kasa jin B alhali ta tura. B mai wayo kuma na iya rage ƙarfin muryarta yadda A da ke kusa za ta ji amma C ba za ta ji ba.

Sai a 2002 Sonja Buchegger da Jean-Yves Le Boudec a Lausanne ta Suwizalan suka fito da CONFIDANT, wanda ya yi kusan abin da kike nema: wadda ta ga laifi ta aika gargaɗi ga abokanta, mai laifin kuma a daina kai mata nata saƙon. A nan ne shaidar zur ta samu ƙofa. Idan kalmar "na gan ta" ta isa a kori na'ura, muguwa ba ta ma buƙatar zubar da saƙo. Ta yi wa na kirki ƙazafi ɗaya bayan ɗaya har sai ita kaɗai ta rage a kan hanya. A shekarar dai Pietro Michiardi da Refik Molva a Faransa suka kawo CORE, suka ce labarin alheri kaɗai za a riƙa yaɗawa. Ƙazafi ya mutu, amma miyagu biyu na iya zama 'yan koren juna, wannan ta yabi waccan, waccan ta yabi wannan. A 2003 kuma OCEAN ya fito daga Stanford da ra'ayin gani ya kori ji: kowace na'ura ta dogara da abin da ta gani da kanta kawai. Babu ƙazafi, babu yabon ƙarya, sai dai dole maciji ya sari kowa kafin ya san akwai shi a ramin.

Ni a ganina, hanyar da ta fi dacewa ita ce wadda Buchegger da Le Boudec suka koma kanta daga baya, kuma a cikinta amsar tambayarki ta farko take. Suka ce kowace na'ura ta riƙe lissafi biyu a kan maƙwabciyarta. Na ɗaya, yaya take wajen kai saƙo? Wannan shi ne suna. Na biyu, idan ta ba da labarin wata, gaskiya take faɗa? Wannan ita ce amana. Wasu marubutan na amfani da kalmomin ta wata fuska, don haka ki bayyana ma'anar da kika ɗauka tun a babin farko. Duk wanda ya zauna gaban malaman hadisi ba zai ga baƙon abu a nan ba: ba su tsaya ga "wane ya ce" ba, sai sun duba adalcin mai ruwaya da kiyayewarsa, sun kuma auna shi kansa mai sukar. Labarin da aka kawo wa na'ura, sai ta gwada shi da abin da ta sani. In ya yi hannun riga da shi nesa ba kusa ba, ta yi watsi da shi, ta rage wa mai kawowa maki. In ya yi kusa, ta karɓa, amma ta ba shi nauyi kaɗan.

Lissafin ba shi da wahala kamar yadda takardun ke sa shi ya zama. A ce kin ba B saƙo 10, ta kai 8 ta zubar da 2. Ki ƙara 1 a kan 8, ki ƙara 2 a kan 10: 9 bisa 12, wato 0.75. Baƙuwar da ba ki taɓa hulɗa da ita ba za ta fara da 1 bisa 2, wato 0.5, ba yabo ba fallasa. Sannan lokaci-lokaci a riƙa ninka tsohon lissafi da lamba ƙasa da 1, misali 0.9, don abin jiya ya riƙa dusashewa. Mu mun ce hali zanen dutse, amma a nan ba a so ya zama haka. Na'urar da ta yi ta zubar da saƙo saboda batirinta ya yi ƙasa ta cancanci a yafe mata idan ta samu caji, wadda kuma ta tara suna na wata guda don ta ci amana rana ɗaya kada tsohon sunan ya kare ta.

Inda gizo ke saƙar shi ne wannan 0.5 ɗin. Duk wadda makinta ya faɗo ƙasa da haka, ribarta ce ta sauya suna ta dawo a matsayin baƙuwa. Na'ura ɗaya ma na iya ƙirƙirar sunaye 50 su yi ta shaidar juna. John Douceur na sashen binciken Microsoft ya bayyana wannan a 2002 da sunan harin Sybil, ya nuna cewa in babu wata hukuma ta tsakiya mai tantance wane ne wane, hana shi na da matuƙar wuya. Direban tasha ba zai iya sauya fuska ba, na'ura kuwa cikin daƙiƙa take yi.

Shawarata kan aikin naki: idan za ki gwada a ns-3, manhajar kwaikwayon sadarwa a kwamfuta, kada ki tsaya ga auna yawan saƙon da ya isa. Ki ƙirga na'urorin kirki nawa tsarinki ya kora bisa kuskure, ki kuma saka masu ƙazafi da masu sauya suna a ciki. Ɗalibai da yawa na gwada tsarinsu da miyagu marasa wayo, sai sakamako ya yi kyau a takarda, ranar kare aiki malami ya yi tambaya ɗaya a rasa ta cewa.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi: Malam, na buɗe irin wannan manhaja a kasuwa sai na ga sunan abokin cinikina ya fito, har ya ce in ba yaronsa kaya. Yaya zan san shi ne?

Amsa: Alhaji, da sunan kaɗai ba za ka sani ba. A yawancinsu kowa na iya rubuta sunan da ya ga dama, babu lambar waya ko rajistar layi a bayansa. Kada ka saki kaya sai ka ji muryarsa ko ka gan shi. In kuna son ku riƙa amfani da irin wannan hanya a tsakaninku, ku duba manhajar Briar a wayar Android. Ku haɗu ido da ido, kowa ya ɗauki hoton lambar QR da ke fuskar wayar ɗan'uwansa, daga nan wayoyin biyu sun san mabuɗin juna. Ita ba ta bi da saƙonka ta wayoyin baƙi, don haka in babu intanet sai kun kusanci juna kafin ya shiga. Shi kuma yaron da aka ce a ba kayan, ka ce ya koma ya zo da maigidansa.