Amsa ga Kawu kan addinin 'ya'yanmu a Ingila

Kawu, barkanku da war haka. Kun tambaya ko gaskiya ne a nan Ingila ba a barin iyaye su ɗora yaro a kan addininsu, wai sai ya girma ya zaɓa da kansa. Ba haka ba ne. Babu dokar da ta hana ni tada ɗana sallar asuba ko kai shi islamiyya. Makarantun gwamnati ma ba su rabu da addini ba. Tun dokar ilimi ta 1944 ake koyar da addini ana kuma taron ibada kullum, ta 1988 kuma ta ce yawancin ibadar ta bi tsarin Kiristanci. Iyaye suna da ikon cire ɗansu daga ciki in sun ga dama.

Masu wannan ra'ayi dai akwai su, kuma ba kaɗan ba ne. A ƙidayar 2021, sama da kashi 37 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales sun ce ba su da addini, Musulmi kuwa kashi 6.5 ne. Cikin marasa addinin akwai maƙwabta na kirki da ke ganin cusa wa yaro aƙida tauye masa 'yanci ne. Ni ban yarda ba. Yaron da ba a koya masa komai a gida ba, ba a bar shi fayau ba ne. Abokai da waya da talabijin suna nan suna yi masa tarbiyya dare da rana. Ba mu jira ya girma kafin mu zaɓa masa suna da harshe da abin da ake kira kunya ba, don me abin da muka fi ɗauka da girma za mu ɓoye masa?

Inda muka bambanta da gida shi ne yadda ake yin abin. A wajenku unguwa ce ke renon yaro: ladan ya kira, sa'anninsa su wuce masallaci, ya bi su. A nan da wuya a ji kiran salla a titi. Lokacin hunturu azahar da la'asar duk suna iske yaro a makaranta, magariba ta faɗi kafin ƙarfe huɗu. In uwa da uba ba su tsaya ba, babu mai tsayawa. Shi ya sa bayan an tashi boko muke kai su karatu da yamma, galibi wajen malamai 'yan Pakistan ko Somaliya. Yaro zai dawo yana salla a kan wata mazhaba ba ta Malikiyya ba, mun koyi kada mu mai da wannan abin faɗa.

Bulala kuwa ba ta aiki a nan. Scotland ta haramta dukan yaro a 2020, Wales a 2022, a Ingila ma dukan da ya bar tabo na iya kawo hukuma ƙofar gida. Ko ba doka, yaron da aka horar a makaranta ya riƙa tambayar dalili ba zai karɓi "haka muka taras" ba. Ɗan shekara goma zai tambaye ka ko malamarsa da ke kyautata masa 'yar wuta ce. Dole ka zauna ka amsa da ilimi da tausayi, in ba ka sani ba ka nemo. Iyaye da yawa ta wannan hanya suka koma karatu da girmansu.

Ba zan ɓoye muku ba, wasu yaran suna yin sanyi bayan sun shiga jami'a, wasu ma su bar salla. Abin na da ciwo ƙwarai. Amma yawancinmu ba ma korar ɗa ko yanke shi. A shekara 18 doka ta ba shi ikon kansa, in ka rufe masa ƙofa ba shi da dalilin dawowa. Muna kiransa, muna gayyatarsa buɗa-baki, muna yi masa addu'a. Ku ma ku taya mu, Kawu, ku sa jikokinku a ciki. A gaida mutanen gida.