An sayar da gidan da nake haya a Aboabo, adibans ɗina bai ƙare ba

Saƙon da wata Hajiya ta turo min ke nan, na ɗan taƙaita shi:

"Salamu alaikum Lauya. Ina zaune a Aboabo nan Kumasi, ɗaki da falo nake haya shekara 7 ke nan, ni da yara huɗu, maigidana ya rasu, koko da ƙosai nake yi a ƙofar gida. Bara na biya adibans na shekara 2, sidi 400 duk wata, 9,600 ke nan, wata 9 kawai na ci a ciki. Mai gidan ya rasu, yaransa sun sayar da gidan ba wanda ya gaya mana, sai ganin wani mutum muka yi da masu awo, ya ce rushewa zai yi ya gina shaguna, ya ba mu wata ɗaya, ya ce zai ba kowa sidi 2,000 na kwashe kaya. Na je wajen yaran sun ce su ba ruwansu gida ya bar hannunsu. Da kuɗina na sa tayil na gyara bayi. Ina da haƙƙin diyya ko in haƙura in karɓi abin da ya ba ni?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya jiƙan maigida, Ya raya mana yaran nan.

Kafin komai dan Allah kar ki karɓi 2,000 ɗin nan, kar ki sa hannu ko ki dangwala yatsa a kowace takarda, kuma makullin ɗakin nan ya zauna a bakin zaninki har mu gama magana. Duk ƙarfin da kike da shi a wannan al'amari yana jikin makullin nan ne, ranar da kika miƙa shi kin koma mai bin bashi, kin kuwa san yadda bin bashi yake a garin nan, yau a ce ki dawo gobe, gobe a ce Alhaji ya yi tafiya Tamale.

Gaskiyar da zan fara gaya miki ba mai daɗi ba ce. Dokar haya ta Ghana, wato Act 220 ta shekarar 1963, ba ta hana mai gida sayar da gidansa ba, ba ta ce sai ya nemi izinin ɗan haya ba, ba ta ce sai an fara yi wa ɗan haya tayi ba in dai ba a rubuta hakan a agiriment ba, kuma babu inda ta yanke wani kuɗi ta ce ga diyyar da za a ba ɗan haya don kawai an sayar da gida. Ni wannan giɓin yana damuna sosai, mutum ya yi shekaru a gida ya san maƙwabta, yara sun saba da makarantarsu da masallacinsu, a wayi gari a sayar da rufin da ke kansu ko sallama babu. Amma haka dokar take a yanzu, ba zan yi miki ƙarya ba.

To amma abin da dokar ta ba ki ya fi 2,000 nesa ba kusa ba. Sayar da gida ba ya kashe haya. Wanda ya sayi gida ya saye shi ne da mutanen da ke ciki, shi ne ya zama sabon lanlod ɗinki, alkawarin da marigayi tsohon lanlod ɗinki ya ɗauka ya hau kansa, kuma ba zai ce bai sani ba tunda ya shigo gidan da idonsa ya ga tukunyar kokonki a kan wuta ya ga igiyar shanya, doka tana ɗauka duk mai sayen da ya tarar da mutane a gida wajibinsa ne ya tambaya da wane sharaɗi suke zaune. Watanni 15 da suka rage miki kin riga kin saye su, naki ne, kamar yadda buhun geron da kika biya kuɗinsa a kasuwar Asawase ya zama naki ko da mai shagon ya sayar da shagon da yamma. Ko a wajen malamanmu na Malikiyya haka hukuncin yake, ciniki ba ya rushe haya, ki tambayi limamin unguwarku za ki ji.

Sashe na 17 na dokar ya jera dalilan da kotu za ta iya fitar da ɗan haya a kansu, kamar wanda ya ƙi biyan haya har wata guda ya wuce bayan lokacin biya, ko mai damun maƙwabta, ko mai lalata gida, ko mai aikata ɓarna a ciki, ko kuma mai gida yana buƙatar wurin da gaske don ya zauna shi ko iyalinsa, a nan ma alƙali sai ya auna wa zai fi shiga wahala tsakaninku. Babu "na sayar" a jerin nan, babu "na saya". Maganar rushewa da yin sabon gini tana ciki, amma da sharaɗi: sai wa'adin haya ya ƙare tukuna, sannan a ba ɗan haya notis a rubuce na aƙalla wata 6 cewa za a je kotu neman umarnin fitar da shi. Kin ga ke nan wata ɗayan da ya faɗa da baki a tsakar gida ba shi da gindi ko kaɗan. Kuma ko notis ɗin ya cika ba shi zai fitar da ke ba, ba kiyateka mai kula da gidan ba, ba 'yan sanda ba, ba ma jami'in Rent Control ba, wato ofishin gwamnati mai kula da harkar haya, umarnin kotu ne kaɗai, ma'aikatan kotu ne kuma ke zartar da shi.

Na san abin da ke ranki, za ki ce ai an ce biyan adibans na shekara 2 laifi ne, kar in je in kai kaina. A'a Hajiya. Sashe na 25 ya ce kar mai gida ya nemi fiye da adibans na wata 6 a hayar da ta wuce wata 6, laifin yana kan wanda ya nema ne, ke dole aka yi miki, kamar yadda ake yi wa kusan kowa daga Nima har Tafo. Kuɗinki bai zama halal ga kowa ba saboda haka.

Yanzu zaɓi biyu ne a gabanki. Ko ki zauna ki cinye watanninki 15 cif, babu mai sake karɓar ko pesewa a hannunki na waɗannan watanni, in sabon mai gidan yana ganin an cuce shi ya je ya nemi magada su daidaita tsakaninsu. Ko kuma ki yarda ki tashi da wuri amma a biya ki, nan ne diyyar da kike tambaya take fitowa, domin shi ne ke sauri ba ke ba, ya zuba kuɗi a fili yana son magina su fara aiki, duk watan da ya wuce asara ce gare shi. Abin da yake so ya saya a hannunki lokaci ne, ke kuma ke ce mai kaya.

Mu yi lissafi tare. Wata 15 sau 400, sidi 6,000 ke nan, wannan ba diyya ba ce ma, kuɗinki ne kawai ake mayar miki, kar ki bari a kira shi taimako. Daga nan ki zaga unguwa ki ji nawa irin ɗakinki yake yanzu, a ce misali kin tarar ya kai 550, to bambancin 150 sau 15 ya zama 2,250, wannan asara ce da tashin ya jawo miki, da an bar ki da ba ki biya ta ba. Ki ɗora kuɗin ejen da zai nemo miki ɗaki, da kuɗin aboboya ko motar da za ta kwashe kaya. Sai maganar sana'a, wadda ita ce ta fi tsaya min a rai, mai koko ba ta tafiya da kwastomominta a ka, shekara 7 mutanen layin nan sun san in an idar da sallar asuba ga inda za su tsaya, in kika koma Sawaba ko Asokore Mampong daga farko za ki fara. Ba zan ɓoye miki ba, a kotu wannan ɓangaren yana da wuyar tabbatarwa in ba ki da littafin ciniki, amma a teburin sulhu magana ce mai nauyi, ki faɗe ta, ki sa mata lamba.

Tayil da bayi kuwa, dokar ta san da diyyar gyaran da ɗan haya ya yi, amma ta ɗaura shi da yardar mai gida. Marigayi ya amince kafin ki yi? Akwai wanda ya ji? Maginin da ya yi aikin yana nan? Rasit ɗin siminti da tayil fa? In akwai ko ɗaya daga ciki ki riƙe shi da kyau. In ba a nemi yardarsa ba to maganar ta yi rauni, sai dai a roƙa a sulhu.

Hujja ita ce komai a nan. Na taɓa zama da wata tsohuwa a wani gida cikin zango, kowa ya ɗauka ba ta da takarda, ana ta yi mata faɗa me ya sa ba ta karɓi rasit ba, sai ta tashi ta sauko da jeren kwanukanta na saman kabad, ta buɗe na can ƙasa ta fito da wata leda baƙa, ciki akwai fallen littafin makaranta da ya yi ja saboda tsufa, mai gida ya rubuta da biro cewa ya karɓi kuɗin shekara 2, ga kwanan wata ga sa hannunsa. Wannan fallen takardar shi ya juya zaman gaba ɗaya. To ke ma ki bincika kwanukanki, in ta MoMo kika tura ki nemo saƙon ko ki sa a ciro miki bayanin asusun, in hannu da hannu ne ki tuna wa ke zaune a wurin ranar. Rashin agiriment a rubuce bai hana ki zama 'yar haya a idon doka ba. Ki sa babban yaronki ya ɗauki hoton ɗakin, tayil, bayi, mita, komai, yau ɗin nan.

Su kuma magada da suka ce ba ruwansu, da ruwansu mana. Kuɗin da mahaifinsu ya karɓa na watannin da ba a ci ba nauyi ne a kan dukiyar da ya bari, in za a raba gado ai sai an fara sauke nauyi. Shi ya sa in za ki kai ƙara kar ki zaɓi ɗaya ki bar ɗaya, ki sa sunan mai saye da na wanda ya tsaya a madadin magada duka, su zo su faɗa a gaban hukuma waye zai biya, in ba haka ba za su mai da ke ƙwallo kowa yana bugawa ɗan'uwansa. Kuma ki nemi mai sayen ya nuna takardar cinikin, gidajen gado a zango sau da yawa wani ɗa ne ke sayarwa sauran ba su sani ba, kar ki yi yarjejeniya da wanda gobe za a ce ba shi ne mai gida ba.

Ta ina za ki fara? Ni a ganina ku haɗa kai da sauran 'yan hayar gidan, murya ɗaya, don in ya same ku ɗaya bayan ɗaya zai saye mai rauni da arha ya ce saura ku. Ku fara da gida, liman ko mai unguwa ko fadar Sarkin Zango, a kira shi a zauna, dokar sulhu ta 2010, Act 798, ta san da irin wannan sasanci, amma duk abin da aka yanke a rubuta shi, adadin kuɗi, ranar biya, ranar tashi, shaidu biyu su sa hannu. A lokaci guda kuma ki je ofishin Rent Control na Kumasi ki shigar da ƙorafi, kar ki jira sai sulhu ya lalace, su za su aika wa ɓangarorin takardar gayyata, in abu ya gagara su tura shi gaban majistare. In ya kai ga lauya kuma babu hali, akwai Legal Aid Commission da aka kafa don masu ƙaramin ƙarfi. Haƙƙin da ya taso daga yarjejeniya irin wannan doka ta ba shi shekara 6 a neme shi a kotu, amma ke kar ki kai ko sati biyu ba ki motsa ba.

Abu na ƙarshe da nake jin tsoro shi ne matsi. Wasu in sun ga doka ba ta tare da su sai su yanke wuta, su kulle famfo ko bayi, su jibge yashi da bulo a ƙofar ɗaki, wani ma ya sa a cire kwanon rufi ana tsakiyar damina. Duk wannan laifi ne a ƙarƙashin dokar haya, tilasta wa ɗan haya ya tashi ta hanyar takura. In ya faru kar yara su yi faɗa da kowa, kar a zagi kowa, a ɗauki bidiyo, ki kai rahoto wajen 'yan sanda ki kuma koma Rent Control a ranar. In kuma kin zaɓi zama har watanninki suka ƙare, ki ci gaba da miƙa haya a kan lokaci kina karɓar rasit, in ya ƙi karɓa ki sanar da Rent Control a rubuce ki ajiye kuɗin gefe kar ki taɓa, don wasu da gangan suke ƙin karɓa su sami hujjar cewa kin ci bashi.

Ranar da za a biya ki, kuɗi su shigo hannunki ko wayarki ki ƙirga a gaban shaidu, sannan makulli ya fita. In ya ce rabi yanzu rabi bayan kin kwashe kaya, ki ce masa kin ji, za ki jira ya haɗa duka. Ki turo min hoton rasit ɗin da duk wata takarda da ya ba ku in duba kafin zaman.