Tarwadata na ta mutuwa duk da kafson da nake zuba musu

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina kiwon tarwada dubu ɗaya a tankin siminti a Funtuwa. Tunda hunturu ya shigo suka fara fitar da jajayen gyambuna, cikin wasu ya kumbura, kullum sai na tsamo matattu. Alhali duk mako ina fasa kafso ja da rawaya a ruwan don rigakafi. Ko kifi ba shi da garkuwar jiki ne? Jarina ke nan kaf.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah Ya mayar da alheri. Alamun nan sun fi kama da aikin bakteriyar Aeromonas, wadda dama tana cikin ruwan ko kifi na lafiya, jira take ya yi rauni.

Kifi na da garkuwa, Malam. Yauƙin fatarsa ne katangar farko, yana ɗauke da sinadaran da ke fasa bakteriya. In ta keta fata, fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil ke fara isa wurin cikin sa'o'i, wasu fararen ƙwayoyin da ake kira makrofaj su biyo baya suna haɗiye ta suna narkarwa. Ba a ɓargo ake yin su ba kamar namu, a sashen ƙoda na kusa da kai ne, saifa kuma na tace jini. Sai dai jikin kifi zafin ruwa yake bi. Tarwada ta fi son digiri 26 zuwa 30, in hunturu ya sanyaya tanki ƙwayoyin nan su yi nauyi. Cunkoso da ƙazamin ruwa kuma na sa kifi fitar da sinadarin kotisol, wanda ke ƙara danne su.

Kafson nan shi ne abin da ke damuna, domin kullum sai an kawo mini wannan magana. Wa ya ce muku maganin bakteriya rigakafi ne? Masu talla da magani a leda, waɗanda ba su taɓa feɗe kifi sun duba ba. Tetrasaikilin, wato maganin da ke cikin kafson nan, ba kashe bakteriya yake ba, hana ta hayayyafa yake, ƙwayoyin garkuwa su ƙarasa aikin. In sanyi da datti sun kwantar da su, wa zai ƙarasa? Sannan in ruwan burtsatsenka mai gartsi ne, sinadarin kalsiyom da ke cikinsa na ɗaure maganin kafin ya shiga jikin kifi. Ɗan abin da ya rage bai isa warkarwa ba, amma ya isa ya bar bakteriya masu jure magani su yaɗu. Ranar da kake buƙatarsa da gaske sai ya ƙi ci. Wannan ruwan kuma kwata kuke sakin sa, kifin kuma mutane ne ke cin sa, har da iyalanku. Don Allah ku bari.

Yau ɗin nan ka tsame matattu ka binne, ka ware masu gyambo. Sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan da rana, kada ka yi da asuba. Rage abinci, dakatar da tantance girma da yawan kamu. Zuba gishiri giram 2 a kowace lita, wato kilo 2 a lita dubu. Rufe tankin da tamfal da dare, ka bar kafar iska.

Kai wa likitan dabbobi kifi mai ciwo da ransa, a gwada wane magani ke cin cutar. In oksitetrasaikilin ne, wato wani nau'in tetrasaikilin, a abinci ake gauraya shi, miligiram 55 zuwa 80 ga kowane kilo na kifi kullum, kwana 10 cur, kuma waɗanda ke ci kaɗai zai amfana. Bayan an gama, kada ka sayar sai an cika aƙalla kwana 21.