Kunkuru, Kififiya da Na Cikin Teku

Wata mai karatu ta aiko da tambaya: "Malam, na ga hoton wani ƙaton kunkuru yana iyo a teku, an rubuta kififiya a ƙasan hoton. Hakan daidai ne? Kuma me ya raba su?"

Malama, wanda ya rubuta ya kusa, amma bai dace ba. Tun asali Bahaushe gida biyu ya raba su. Kunkuru na tudu ne, ƙoƙon bayansa a tashe, ƙafafunsa gajeru masu kauri, abincinsa ganye da ciyawa. Kififiya kuwa ta kogi ce da tafki da kududdufi, wato ruwan da babu gishiri. Na teku bai samu suna ba, domin ƙasar Hausa ba ta yi iyaka da teku ba, kuma mutum ba ya raɗa wa abin da bai gani ba suna. Shi ya sa yau ake cewa kunkurun teku. Ni ma shi na fi so, tunda kunkuru ya zama sunan da ke rufe dangin duka, alhali kififiya tana da takamaiman wurinta.

Idan kina son ki tantance, fara da ƙafa. Kififiya tana da yatsu da farata, da fata a tsakanin yatsun, don haka tana iyo, tana kuma hawa kan dutse ko gungume ta sha hantsi. Kunkurun teku hannayensa na gaba sun baje sun yi tsawo kamar filafilin kwale-kwale. A ruwa gwani ne, a tudu kuwa sai jan ciki da ƙyar. Namijin ma galibi daga ranar da ya shiga teku ba ya sake taka ƙasa. Macen ce ke fitowa, yawanci da dare, ta haƙa rami a rairayin gaɓa da ƙafafunta na baya, ta zuba ƙwai wajen 100, ta rufe ta koma. Bayan kimanin wata biyu 'ya'yan su ƙyanƙyashe su ruga ruwa. Zafin rairayin ne ke yanke jinsinsu: in ya yi yawa, mata sun fi yawa.

Sai batun ɓuya. Yawancin kififiyoyi suna janye kai in sun ji tsoro. Akwai ma irin da ke lanƙwasa wuya gefe guda ta cusa kan a ƙarƙashin ƙoƙo, kuma idan kududdufi ya ƙafe da rani sai ta binne kanta a laka har ruwa ya dawo. Kunkurun teku ba ya iya janye kai ko hannu. Girmansa da saurin iyonsa su ne kariyarsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne hawayensa. Masu ganin macen a bakin teku suna cewa kuka take yi don raɗaɗin zuba ƙwai. Ba kuka ba ne. Yana rayuwa cikin ruwan gishiri, sai aka yi masa wasu ƙulluttai a kusa da ido da ke fitar da gishirin da ya yi yawa a jikinsa.

Duk duniya iri bakwai ne kacal na teku, cikin dangin da ya haura iri 300. Babbansu shi ne mai bayan fata, wato irin da bayansa fata ce mai kauri maimakon ƙoƙo mai tauri, wanda tsawonsa kan kai mita 2, nauyinsa ya wuce kilo 500, yana kuma nutso fiye da mita 1,000. Gaɓar Gabon na cikin manyan wuraren da yake yin ƙwai. Abincinsa wasu halittu ne masu taushi marasa ƙashi da ke shawagi a ruwa, shi ya sa leda ke yaudararsa ya haɗiye ta.

Wani kuma ya tambayi ma'anar "kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa", ya ce ai shi ya ga farata a ƙafar kunkuru.

Malam, faratan ka gani, amma dambe sai an dunƙule hannu an naɗe shi, kuma dungun kunkuru ba ya dunƙuluwa. Ana faɗar karin maganar ga wanda ke da sha'awar abu da zuciyar yinsa, amma ba shi da halin yi. Wanda ya ci burin gina bene alhali ko kuɗin fili bai tara ba, shi ake jefa wa ita. Akwai zolaya a cikinta, amma ba zagi ba ce, don haka mutum yakan faɗe ta a kan kansa idan ana tara gudummawa aljihunsa kuwa babu komai.